Kaset ɗin da Rafali Yake Ƙarasawa da Baki

Mijina bai taɓa yin kokawa da kowa ba. Ko ɓera ne ya shigo ɗaki, ni ake kira. Amma da kokawa ya ci abinci shekara talatin da ɗoriya, da ita ya ciyar da mu, kuma duk layinmu ba wanda yake kiransa da wani suna sai Rafali. Yanzu an canza masa sunan. Yadda aka yi aka canza shi ne zan faɗa.

Gidan kallo yake da shi. Tsohon sito ne, bangonsa ɗaya da madafata, don haka duk abin da aka yi a ciki a kunnena ake yi. Ba taga, sai fanka guda mai kukan tsiya, da bencina, da tsohon bargo a bakin ƙofa don tare haske. Talabijin tana sama cikin kejin ƙarfe da mai walda ya haɗa masa. Wasu gidajen kallon fim suke nunawa, wasu ƙwallo. Shi kuwa kokawar Turawa ce kawai, wadda yara ke ce wa reslin, kuma tsohuwa, wadda masu yin ta da yawa sun riga sun mutu.

A wurin 'yan gwanjo yake tsinto kasakasan, cikin buhunan takalma da labule. Wasu daga Japan, wasu daga Meziko, wasu Allah kaɗai ya san inda suka fito. Ni na yi sakandare, ina aikin buga tafireta a wani ofis, shi ya sa yake kirana Akawu. Idan rubutun bayan kwalin Turanci ne sai ya miƙo mini.

"Akawu, me suka ce a nan?"

In karanta masa sunayen 'yan kokawar da shekarar da aka yi wasan. Ya gyaɗa kai kamar ya ɗauka, ya shiga gidan kallo, ya kashe muryar talabijin, ya ɗauki makirfo ya faɗi nasa.

"Jama'a, wannan mai gemun da kuke gani ƙanin matar wancan ne. Mota ya ara, ya dawo da ita ba taya. An yi sulhu an gaji. Yau za a raba raini!"

Ina yanka albasa ina jin ƙattin maza suna ihu a kan motar da ba a taɓa ƙera ta ba.

Kada a ɗauka sakarai ne. Ya san kokawar shiri ce tun kafin masu kallonsa su sani. Abin da ya dame shi shi ne wa ya iya aikinsa. In an gama wasa sai ya tsayar da kaset ya yanke hukunci. Ya mayar baya ya nuna yadda wani ya tallafe wuyan abokin karawarsa kafin ya maka shi da ƙasa, ya ce wannan ɗan halas ne. Ya nuna wani da ake murɗe wa ƙafa amma fuskarsa kamar mai jiran mota, ya ce wannan malalaci ne, bai cancanci wandon da ya sa ba. Wanda aka kayar ya fi kallo a kan wanda ya yi kayen. Ya ce ɗagawa kowane ƙato ya iya, faɗuwa ce sai gwani.

A gida kuwa ba ya magana. Muryar ta 'yan kallo ce, mu tari ne rabonmu. Ya shigo ya sha ruwan zafi, ya nuna maƙogwaronsa da yatsa, ya kwanta. Yaranmu ta bango suka san muryar ubansu. Ban yafe wannan ba, kuma ba don in wanke shi nake rubutun nan ba.

Cikin kasakasansa akwai guda ɗaya da ya fi ƙaunar duniya da shi. Ba kwali, ba rubutu, hoton ma baƙi da fari ne. Wani ƙato ne da ya sa wa suna Tanka, da wani siriri mai haƙarƙari a waje da ya sa wa Tsinke. Ranar da ya kawo shi a ɗakinmu ya fara gwadawa, ina guga. Tanka ya yi ta jibgar Tsinke kamar mai kakkaɓe katifa. Ya jefa shi kan igiya, ya take shi, ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Can sai Tsinke ya zille, ya rarrafa, ya haye ƙarfen kusurwa, ya miƙe tsaye a kan igiyar sama. Ya ware hannuwa ya yi tsalle. Yana cikin iska hoton ya koma yashi, talabijin ta kama shuuu.

Mijina ya mari injin bidiyon. Ya buɗe shi ya goge da auduga. Ya kwance kaset ɗin da sukundireba ya bi zaren har ƙarshe. Babu komai, nan wanda ya ɗauka ya tsaya.

Na ce, "Jefar da shi."

Bai jefar ba. Ya sa shi a gidan kallo da tunanin zai kashe kafin a kai wurin, sai daɗin surutu ya ɗauke shi ya manta. Da hoton ya yanke na ji bencina suna ƙara, ana zage-zage, wani yana cewa a fasa kejin. Sai na ji muryarsa ta danne ta kowa.

"Ku zauna! Ni na ga ƙarshensa da idona!"

Ya tsaya gaban talabijin ya ba su ƙarshen da baki. Tsinke ya sauka a ƙirjin Tanka da gwiwa biyu. Tanka ya yi tangal-tangal ya zube, har fitilun ɗakin suka girgiza. Tsinke ya maƙale masa ƙafa ya danne. Mijina ya durƙusa ya daki benci da tafin hannu: ɗaya, biyu, uku. Ihun da aka yi sai da murfin tukunyata ya motsa. Daga ranar ya zama Rafali.

Da ya shigo na ce masa, "Ƙarya ka yi wa mutane."

Ya ce, "Wa na cuta?"

"Ka ce ka gani."

Ya nuna maƙogwaronsa ya juya mini baya.

Wannan kaset ɗin ya zama jarinsa. Kowa zai iya sayen talabijin, amma ƙarshen Tsinke a bakin mutum ɗaya yake. Masu zuwa wurinsa leburori ne, da 'yan dako, da masu wankin mota, mutanen da wuni guda wani mai tumbi yake daka musu tsawa. Su ne ke roƙo a sa musu Tsinke. Akwai wani Mai Baro da ke dakon siminti, shi ma kamar a hure shi ya faɗi, har rubuta TSINKE ya sa aka yi masa da jan fenti a jikin baron. In sabon zuwa ya yi gardama, shi ke tasowa.

"Kai, rufe mana baki! Rafali da idonsa ya gani. Kai me ka taɓa gani ban da bayan gidanku?"

Sai waya ta zo, kowa ya koma kallo a tafin hannunsa. Bencina suka yi ta raguwa har ya kulle ƙofar. Ya kwaso kasakasan ya jera su a ƙarƙashin gadonmu, duk wata ya fito da su ya goge. Ba ya zuwa ko'ina. Amma in ya fita shan iska, har masu furfura sukan ɗaga masa hannu su ce, "Rafali! Ɗaya, biyu?" Ya ce, "Uku!" Ya dawo gida yana tafiya kamar mai muƙami. Abin da ya rage masa ke nan, kuma ya ishe shi.

Autanmu ne ya karɓi siton yana ajiye kayan waya da yake sayarwa. Ba yaro ba ne, yana da mata da 'ya'ya. Yana kuma ɗaukar bidiyo yana sawa a intanet. Shi ya zo da shawarar uban ya riƙa sharhin tsofaffin wasanni yana ɗauka. Tsohon nan ya sa na goge masa riga, ya je aski, ya tono makirfonsa duk da Auta ya ce ba a bukata. Suka yi ta yi. Sharhin ya yi kyau, ni ma na sani, amma masu kallo ba su taru ba. Na ji Auta yana ce masa, "Baba, mutanen yanzu ba bayani suke so ba. Abin da zai sa su tura wa wani suke so."

Wata safiya ya kwashe kwalayensa daga siton, ya aro bencina, ya bi gida-gida ya gayyato tsofaffin 'yan kallo. Ya ce za a yi wa Baba ranar girmamawa. Har ni ya ja.

"Mama, shekara nawa kina ji ta bango? Yau dai ki shigo."

Na shiga na zauna a baya. Mai Baro yana gaba, ya tsufa, haƙora sun zube. Aka sa kaset. Tsinke ya hau igiya, ya yi tsalle, hoto ya koma yashi. Mijina ya miƙe ya ce, "Na gani da idona!" Ban taɓa ganin yana yi ba, ji kawai nake. Ashe da dukan jikinsa yake yi. Ya zama Tanka, ya zama Tsinke, ya zama fitilun da suka girgiza. Ya durƙusa da gwiwar da kullum nake shafa wa magani, ya daki benci, tsofaffi suka amsa masa ukun da ƙarfi. Mai Baro yana share ido.

Sai Auta ya ce, "Baba, tsaya a nan. Na kawo maka tsaraba."

Ya jona wayarsa da talabijin. Ga Tanka, ga Tsinke, hoton ma ya fi namu haske. Ashe ya samo wasan gaba ɗayansa a intanet. Tsinke ya ware hannuwa ya yi tsalle. Tanka ya matsa gefe taku ɗaya, kamar mai ba wa keke hanya. Tsinke ya faɗo rub da ciki. Tanka ya juya shi da ƙafa, ya ɗora masa tafin ƙafar a ƙirji yana gyara gashin kansa, alƙalin wasa ya ƙirga uku.

Na duba Auta. Ba talabijin yake kallo ba, ya saita wata wayar a fuskar ubansa.

 Wani a tsakiya ya tuntsire da dariya, ya toshe baki. Mai Baro ya juyo.

"Rafali, ka ce da idonka ka gani."

Mijina bai dube shi ba. Ya ce wa Auta, "Mayar baya." Aka mayar. Ya matsa kusa da allon, ya kai makirfo baki.

"Ku dubi yadda ya shimfiɗa hannuwa kafin ƙirjinsa ya taɓa ƙasa. Wannan ya iya faɗuwa. Wannan..."

Nan muryar ta tsaya. Ya tsaya da baki buɗe, leɓensa na rawa. Ya ajiye makirfon a kan benci a hankali, ya ɗaga bargon ƙofa ya fita.

Na tare Auta a madafa.

"Goge abin nan."

"Mama, ai ya riga ya hau intanet."

"Ubanka ne fa, ɗan banza."

"To ƙarya na yi masa? Ke ba kullum kike cewa ƙarya yake yi ba?"

"Ni matarsa ce. A ɗaki na faɗa masa, ƙofa a rufe."

Ya ce ban gane zamani ba, wannan ne zai ɗaga Baba, gobe kowa zai san shi. A nan bai yi ƙarya ba. Aka yanko wurin da yake cewa "na gani da idona", aka haɗa da wurin da bakinsa yake rawa, aka sa kiɗa. Har jikata ta nuna mini a wayar ƙawarta, ba ta san me ke ciki ba. Kafin sati ya zagayo, in ya fita sai a ɗaga masa hannu a ce, "Na-Gani! Yau me ka gani?" Mai Baro ba ya cikin masu tsokanar. Shi gaisuwar ce ya daina. Na ga baron a bakin shagon siminti, an shafe rubutun da baƙin fenti.

Mijina ya daina fita. Bai yi wa Auta faɗa ba, ko kalma. In ya zo gaishe shi ya amsa, ya tambayi yara. Ƙura ta rufe kasakasan ƙarƙashin gado.

Na yi shekaru ina roƙon Allah ya raba ni da hayaniyar kokawa, da aka raba ni sai shirun ya fi ta damuna. Mutum ya zauna a kujera tun safe yana kallon bango, kana wucewa kamar ka wuce kabad. Wata rana da hantsi na leƙa ƙarƙashin gadon, na nemo kaset ɗin, na hure shi, na sa. Na zauna kusa da shi. Bai hana ni ba. Muka kalli Tanka yana kakkaɓe Tsinke. Tsinke ya rarrafa, ya hau, ya yi tsalle. Yashi.

Na ce, "To, Rafali. Sai me ya faru?"



Ya ce, "Kin gani ai, Akawu. Kaucewa ya yi."

Ya miƙa hannu ya kashe talabijin, ya tambaye ni ko akwai ruwan zafi. Na tashi na ɗora.