Bidiyon Dashen Shinkafa a Masama

Har yau ranar da allon majigi ya yi mini baƙi ƙirin a gaban manoman Masama ba ta fita daga raina ba. A lokacin ni malamin gona ne a ƙaramar hukumar Gwandu, aikina kuwa shi ne kai wa manoma sababbin dabarun noma. Ofishinmu ya sayi bidiyon da ke koyar da dashen shinkafa a layi, amma masu shi sun kulle shi don kada a kwafa. A kwamfutata kaɗai yake buɗewa.

Kafin in tashi, shugaban sashenmu ya ce, "Garba, in mutanen Masama ba su yarda da dashen nan bana ba, irin shinkafar zai tafi wani gari."

Na tara su bayan la'asar a gidan kallon Bala, inda samari ke kallon ƙwallo. Da na haɗa kwamfutar da majigi, sai murya ta fito babu hoto, domin makullin ya ɗauki majigin a matsayin na'urar kwafa. Sarkin Noma ya ce, "Malam, wanga rediyo ka kawo muna? Muna da shi gida." Aka yi dariya, wasu suka fara neman takalmansu. A Masama, taron da ya watse da dariya ba ya sake haɗuwa.

Sai na tuna cewa a gidan ƙanwata a Kalgo na ga wata tashar kebul tana nuna irin wannan dashe, kuma takan maimaita shirin da yammacin Asabar. Ranar kuwa Asabar ce. Na roƙi Bala ya sauya tasha.

Ya ce, "Yallaɓai, ƙwallo za a fara, samarin nan za su cinye ni."

Sarkin Noma ya juya ya dube su. "Ƙwallo za ku ci da rani?" Bala ya sauya tasha.

Hoto ya fito tangaran. Ina tsaye gefen talabijin ina fassara, su kuma suna gardama kan tazarar layi har aka kira magariba. A daminar nan Masama ta karɓi irinta, ta yi dashe a layi.

Na daɗe ina yi wa kebul kallon abin ɓata lokaci, na kuma yi kuskure. Abin da nake gaya wa ƙananan ma'aikata yanzu shi ne, kafin su karɓi kowane kayan koyarwa, su tambaya ko jama'a za su iya kallonsa tare. Manomi da maƙwabcinsa yake yanke shawara.