Yadda Na Zama Kawun Mudir

Tun satin da na kama aiki a zauren ƙwallon kwando na wani kulob a Dubai, mudir, wato manajan wurin, ya raɗa mini suna. Kullum da safe idan na shigo da akwatin kayan aikina sai ya ɗaga hannu daga bakin ofishinsa ya ce, "Sabahul khair, ya khal!" Ni kuwa a lokacin Larabcina bai wuce yalla, wato mu je, da khalas, wato shi ke nan, ba, sai in washe baki in wuce. Da na gaji da amsa sunan da ban san ma'anarsa ba, na tambayi wani ɗan Sudan da ke tuƙa motar 'yan wasa. Ya ce khal shi ne ɗan'uwan mahaifiyar mutum. Ya ɗan yi jim kamar zai ƙara wata magana, sai ya tada mota ya tafi.

Kawu ke nan. Abin ya ba ni dariya, ya kuma yi mini daɗi ƙwarai. Mutumin nan Balarabe ne ɗan ƙasa, da furfura a gemunsa, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma wai ni ne kawunsa. Da na kira gida na ce wa mahaifiyata, "Mama, ɗanki ya yi ƙaton ɗa a ƙasar Larabawa." Ta ce ba a kiran mutum kawu a banza, in riƙe shi da kyau.

Aikina shi ne allon maki, da agogon da ke ƙirga wa 'yan wasa lokaci, da fitilu, da na'urar sanyi. Ranar wasa ina zama a ƙarshen teburin alƙalai da wayoyin lantarki a gabana, don haka babu wanda ya fi ni kusa da fili. A Samaru na tashi, inda na yi ƙwallon kwando har gwiwata ta ce ta gaji, saboda haka ina ganin an biya ni ne in yi kallo kyauta. Mudir kuma mutum ne. Ranar da na faɗo daga tsani, da motarsa ya kai ni asibiti, ya zauna har aka ɗaure mini hannu. Ranar Kirsimeti ba hutu ba ce a can, amma shi yake tuna mini, ya ce in tafi coci, wani zai duba fitilun. A ɗakin da muke haya mu da yawa a Al Qusais, idan sauran suna zagin shugabanninsu ni shiru nake yi, don ba ni da abin faɗa.

Bayan na kwana biyu a wurin, kulob ya ɗauko wani ɗan wasa daga Amurka, baƙi, dogo, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin canja kaya. Na ga 'yan wasa a rayuwata, amma wannan daban ne. Idan ya tashi sama sai ka ga kamar ya manta da saukowa. Zauren da a da kake iya jin ƙarar takalmi saboda ƙarancin jama'a ya fara cika. 'Yan kallo suna zuwa da ganguna, suna rungumarsa bayan wasa, suna ɗaukar hoto da shi. Har ni na ɗauka, kaina bai wuce hammatarsa ba.

Sai ranar da muka kara da manyan abokan hamayyarmu. Tun farkon wasa ɓangarensu suke yi masa ihu duk lokacin da ya taɓa ƙwallo, wannan kuwa ba sabon abu ba ne, ko a gida haka ake yi. Dab da tashi aka yi masa ƙeta, aka ba shi jifa biyu, muna baya da maki ɗaya. Ya jefa ta farko ta daki ƙarfe ta dawo. Ya jefa ta biyu, ita ma haka. Agogona ya yi ƙara, wasa ya ƙare. Ihun da ya biyo baya daga bayana ya taso, daga namu ɓangaren, mutanen da makon jiya suke sumbatar goshinsa. A cikin hayaniyar kunnena ya tsinci kalma ɗaya da na sani. Khal. Ana maimaita ta, ana jan ta, ana tofar da ita. Na waiwaya, sai na ga wani mai farar kandura, doguwar rigar nan ta Larabawa, a layin gaba yana goga yatsa a kan damtsensa, yana ɗaga yatsan yana dubawa kamar mai neman baƙin tukunya, na kusa da shi suna ƙyaƙyata dariya.

Ba a kiran kawu da irin wannan muryar, a kowane harshe.

Ranar Juma'a, wadda ita ce ranar hutunmu, bayan an tashi daga coci na tafi Bur Dubai wurin wani Alhaji ɗan Kano mai sarin yadi, wanda ya daɗe yana zuwa ƙasar kuma Larabci ya zauna a bakinsa. Mun saba, nakan gyara masa wayar wuta a ɗakin ajiyarsa, shi kuma yakan zo mini da kilishi. Na same shi a kan tulin bandir yana jiran masu ɗaukar kaya.

Na ce, "Alhaji, mene ne khal?"

Ya ce, "Kawu mana, injiniya. Wa ya kira ka haka?"

Na ce, "Kawu kawai?"

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "To, tunda ka tambaya. Kawu ne, kuma shi ne sunan da suke kiran baƙin mutum. Wani da wasa, wani da raini, wani ma bai san da wanne yake faɗa ba. Ni da kaina an taɓa jefa mini ita a wurin cargo, ina tsaye da kwantena biyu. Na ce khalas, na biya na kwashi kayana. Kai dai ka dubi bakin da ta fito, habibi."

Na ce bakin da ta fito na mutumin kirki ne. Ya ce, "To shi ke nan, inshallah," ya mayar da tabaransa. Wannan inshallah ɗin ita ta hana ni sukuni har na hau abra, kwalekwalen haya, na tsallake ruwa.

Daga ranar na koma ɗan leƙen asiri a wurin aikina. Na fara kasa kunne ina jin yadda mudir yake kiran kowa. Ɗan Filifin mai goge fili, habibi. 'Yan Indiya masu gadi, sadik, wato aboki. Bamasaren da ke sayar da tikiti, sunansa yake kira. Ɗan Sudan direba, wanda ya fi ni baƙi, ustaz yake ce masa, kuma nan da nan na ce a raina ai dole, tunda shi yana jin Larabci. Ni kaɗai ne khal, ni da aka tabbatar ban san komai ba. Na tuna jim ɗin da direban ya yi ranar da na tambaye shi, haushinsa ya kama ni shi ma.

Zargi mugun abu ne, ba ya tsayawa inda ka ajiye shi. Na koma baya ina tone alherin mutumin ɗaya bayan ɗaya. Kai ni asibiti, ko don kada a ce ma'aikaci ya ji rauni a zaurensa ne? Dariyar da abokansa suke yi idan na shiga ofis gyaran na'urar sanyi, da ni ake yi ko ni ake yi wa? Idan ya dafa kafaɗata sai in ji jikina ya sandare. Wani lokacin kuma in ga ya ajiye mini abinci ya rufe da faranti don na makara a saman rufi, sai kunya ta kama ni, in ce kai ma ka cika baƙar zuciya. Kafin yamma zargin ya dawo.

A wasannin da suka biyo baya na daina kallon fili, shi nake kallo. Mutanen layin gaba ba su daina ba. Idan ɗan Amurkan ya ci, gwarzo ne, idan ya zubar, kalmar nan ta tashi. Mudir yana tsaye a bakin ƙofa da wayarsa, mutumin da idan wani ya shigo da kwalbar lemo sai ya tsallaka zaure ya karɓe. Bai taɓa yin dariya tare da su ba, wannan na shaida. Amma bai taɓa ɗaga kai ba.

Wata rana da hantsi ina canja fitilar allon maki, ɗan wasan yana atisaye shi kaɗai. Ya zo ya riƙe mini tsani, da ma tun da ya ji ni ɗan Najeriya ne yake ce mini ɗan'uwa. Da Turanci ya tambaye ni mece ce kalmar nan da suke ta faɗa. Na ce tana da ma'ana biyu, na gaya masa duka. Bai yi mamaki ba. Ya ce tun ranar farko ya gane daga sautinta, a garinsu ma akwai irinta, ana iya gane ta ko da ta wane harshe aka faɗa. Muna cikin haka mudir ya shigo. Ya ɗaga wa ɗan wasan hannu ya ce, "Kaftin!" Sannan ya dubi saman tsani ya ce, "Ya khal, a hankali, kada ka sake faɗowa." Ɗan wasan ya ɗaga kai ya dube ni. Na gwammace a ce ya mare ni.

Na kwana ina juya abin. Idan kalmar ta ƙauna ce, me ya hana shi kiran tauraronsa da ita? Tambayarsa kai tsaye ba za ta yi ba, zai ce kawu ne mana, kamar yadda kowa ya ce. Kuma bizata a hannun kulob take, ba ni da ƙarfin rigima. Sai na yanke shawarar mayar masa da kayansa in ga yadda zai karɓa.

Washegari na tarar da shi da abokansa biyu, 'yan ƙasa, suna shan gahawa a bakin ofis. Ya ce, "Sabahul khair, ya khal!" Na tsaya, na ajiye akwati, na yi murmushi iya ƙarfina, na ce, "Sabahun nur, ya khal."

Abokan suka fashe da dariya har ɗaya ya zubar da gahawa a rigarsa. Yana nuna mudir da yatsa, yana faɗin wani abu da ban gane ba, ɗayan yana buga cinya. Mudir bai yi dariya ba. Fuskarsa ta canja kamar an kashe fitila, ya ajiye kofinsa ya shige ofis. Na ɗauki akwatina na wuce. Na sami amsata, kuma ban ji daɗinta ko kaɗan ba. Na ce a raina, ashe ka san zagi ne.

Da azahar ina ɗakin ajiya ina naɗe wayoyi, sai ga shi ya shigo ya turo ƙofa. Na miƙe, ina jiran a ce in haɗa kayana. Ya zauna a kan akwatin ƙwallaye, ya ciro wayar salularsa, ya daɗe yana nema, sannan ya miƙo mini. Hoton wani tsohon hoto ne, wani dattijo a bakin jirgin ruwa na katako, da rawani, baƙi wuluk kamar kawunnaina na gida.

Da Turancinsa mai gutsuttsura ya ce, "Yayan mahaifiyata ne. Shi ya rene ni da babana ya mutu. Ranar da ka fara zuwa, tafiyarka na gani, irin tasa ce." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Waɗancan tare muka yi makaranta. Da sunan nan suke kirana muna yara. Sun daɗe ba su tuna ba, sai yau."

Na dubi hoton, na dubi fuskarsa, a karo na farko na lura da hancinsa da leɓensa. Amma zuciyar da ta daɗe tana zargi ba ta sauka nan take. Wani gefe nawa yana cewa kowa yana iya samun hoton tsoho a waya. Wani gefen yana so ya ba shi haƙuri. Abin da ya fito daga bakina daban ne.

Na ce, "Mudir, to me ya sa ba ka gaya mini ɗayar ma'anar ba? Kuma mutanen layin gaba, kana ji, kana tsaye. Me ya sa ba ka hana su?"

Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu.

Ya ce, "Idan na tashi na hana su, za su ƙare mini kallo, su ga abin da ka gani yanzu."

Ya miƙe ya gyara rigarsa, ya ce akwai wasa da yamma, in duba agogo don jiya ya ɗan yi gardama. Na ce to. Da yamman zaure ya cika, ɗan Amurkan ya zubar da jifa tun a zagayen farko, layin gaba suka fara. Ina ƙarshen tebur da wayoyina, shi yana bakin ƙofa da wayarsa. Mu biyu babu wanda ya ɗaga kai.