Kafintan da ya auna ni da raina

Jiya a kasuwar Kafanchan na yi kiciɓis da Baba Ayuba kafinta. A ƙarshen shekarun casa'in, ina kwance da ƙanjamau, kawuna ya kawo shi ya auna ni don akwatin gawa.

Ya ƙura min ido. "Rahila, ke ce?"

Na ce, "Ni ce, Baba. Na daure har magani ya iso, sojojin jikina suka farfaɗo. Cutar tana nan, amma yanzu ita ce a kwance."

"To, akwatin fa?"

"Citta nake ajiyewa a ciki."

Kullum ina shan maganina, kuma ba na ɓoyewa. A cikinku, wa aka taɓa yanke ƙauna da rayuwarsa?