Butar Shayi a Cikin Raga

Meirwen Probert ta fara tsare ragar ƙungiyar matan ƙauyensu ta hoki, wasan da ake buga ƙwallo da sanda, a shekarar 1961, tana 'yar shekara sha shida. Filin yana bayan majami'a, sai an kori tumaki kafin a fara wasa. A zamanin mai tsaron raga ba ta rufe fuska, ƙafafu kawai ake ɗaure wa kariya, ga ƙwallon da tauri kamar dutse. Wata Asabar ƙwallo ta zubar wa Meirwen haƙora biyu, ta karya mata hanci. Washegari Lahadi ta tsaya a sahun mawaƙa da kumburarriyar fuska, ta rera waƙoƙi huɗu.

A ƙungiyar ba a ce wa mace ta tsufa. Idan lokacinta ya yi, sai a miƙa mata babbar butar da ake dafa wa baƙi shayi bayan wasa. Wadda ta karɓa, ta bar fili ke nan.

Wata Asabar, Meirwen tana da shekara hamsin da uku, kyaftin Nerys, wadda Meirwen ta yi renonta tun tana jaririya, ta tare ta da butar.

"Anti, a huta haka nan. Gwiwoyinki ƙara suke yi kamar ƙofar majami'a."

"Suna ƙara, suna kuma lanƙwasuwa. Kawo, 'yar nan."

Ta karɓa, ta wuce kai tsaye ta ajiye butar a tsakiyar raga, ta tsaya a gabanta.

"Ku goma ne. Kowacce bugu uku. Idan an lotsa ta, yau zan shiga kicin."

Aka fara da dariya da bugun tausayi.

"Ƙwai kuke mirgino mini? Ku buga!"

Suka buga da gaske. Shida suka bi iska, ashirin da uku ta tare da ƙafa, da hannu, da sanda. Na ƙarshe na Nerys ne, ya taso sama da ƙarfi. Meirwen ta sa kafaɗa. Har bakin titi an ji ƙarar.

Ta daɗe a durƙushe kafin ta miƙe. Ta ɗauko butar da hannun da ke motsi, ta miƙa wa Nerys.

"Nawa da madara, ban da sukari."

Ta ƙara shekara huɗu a raga. Ranar da ta ga dama, ita ta sauko da butar daga kanta da hannunta, ba wanda ya miƙa mata.