Mai Tsani, Mutumin da Ya Koyi Tafiyar Inna

Da safe, kafin masu shaguna su gama shara, za ka ji babur ɗinsa yana tari daga ƙarshen layi. Tsani a ɗaure a gefe da tsohuwar roba, jaka a rataye a wuya. Na san abin da ke cikin jakar, don shagon waldata yana kallon nasa: sukudireba, tsumma, guntun tsintsiya, da tabarau mai ƙafa ɗaya. Zai buɗe shago, ya sha shayinsa a tsaye, ya duba waya ya ga waɗanda suka tashi da ƙorafi, sannan ya ɗaga murya: "Maƙeri, sa mini ido a shago, na tafi sauraron ƙara." Haka yake kirana, duk da na gaji da gaya masa ni mai walda ne. Mu kuma Mai Tsani muke ce masa, har yaran layi ba su san yana da wani suna ba.

Aikinsa kyamarorin tsaro na gida. Ba kafawa ba, kafawa kowa ma yana yi yanzu. Shi halinsu yake gyarawa. A cewarsa iri biyu ne ke kawo mutum wurinsa: mai surutu, wadda ko ganye ya motsa sai ta buga maka waya, da bebiya, wadda mutum zai wuce gabanta da akuyarka a kafaɗa ba ta ce uffan ba.

Wannan watan ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi hawa. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma idan na jira masu biro su rubuta shi, har mu mutu ba a rubuta ba.

Ku tambayi mai sayar da taya na layinmu. Wayarsa ta hana shi sakat, ƙara ba dare ba rana, ya duba ba kowa. Har ya fara zargin maƙwabcinsa da leƙa masa gida, gaisuwa ta mutu tsakaninsu. Ya zo zai sayi sabuwar kyamara. Mai Tsani ya ce a'a, mu je mu gani. Ya hau, ya sa tsintsiya, ya sauko da gizo-gizo da saƙarsa, wadda iska ke kaɗawa a bakin gilashin. Ya ce, "Ga ɓarawonka, ƙafarsa takwas. Je ka gai da maƙwabcinka." Bai sayar masa da ko ƙusa ba.

Amma ba don wannan na ɗauki biro ba. Don Inna ne.

Mahaifiyata tsufa ya taɓa mata tunani. Jikinta da sauran ƙarfi, kan ne ke tafiya ya dawo. Idan rana ta yi sanyi sai ta tashi ta ce za ta gidansu, gidan da aka rushe tun ban yi aure ba. Yayana ya sayo kyamara aka kafa a saman ƙofar gida tana kallon tsakar gida, don in Inna ta nufi fita wayar maiɗakina ta yi ƙara. Da farko abin ya zama fitina. Kyanwa ta gifta, ƙara. Iska ta kaɗa shanya, ƙara. Maiɗakina ta gaji, ta sa aka rage wa kyamarar ƙarfin jin motsi, aka cire gefen bango inda igiyar shanya take daga wurin da take lura da shi. Kyamara ta yi shiru. Shirun ya yi yawa. Ranar nan Inna ta fice ba wanda ya sani, sai wata mai kayan lambu ce ta riƙe hannunta a bakin babban titi, motoci na wucewa ta gefen zanenta.

Yaya ya zo ransa a ɓace. Ya ce, "Kai ne mai walda. Ka haɗa ƙyauren ƙarfe a bakin ɗakinta, a riƙa kullewa. Kyamarar nan kwalliya ce." Ban ga laifinsa ba, tsoro ne. Amma na san Inna. Matar da ta ƙare rayuwarta tana share tsakar gidanta, tana zama bakin ƙofa ana gaishe ta. Ka kulle ta a ɗaki, ka gama da ita. Na ce ya ba ni ƙarshen mako. Ya ce in ta sake fita ba shawara, ƙarfe ne.

Mai Tsani ya zo, ko kwance tsanin bai yi ba. Ya ce a ba shi kujera. Ya zauna a inuwa ya miƙe ƙafa.

Na ce, "Gyara na kira ka ko hutu?"

Ya ce, "Wuce ta gaban kyamarar mu gani."

Na wuce. Waya ta yi ƙara.

Ya ce, "Ka gani? Lafiyarta ƙalau. Kai take gani, mai tafiya kamar an biyo ka da sanda. Kai ne ke ɓata?"

Na koma shago. Da na dawo yana nan inda na bar shi, ya shanye shayin gidan, idonsa a kan Inna. Ta tashi daga tabarmarta. Ba ta bi tsakiya ba, bango ta dafa. Taku kaɗan, ta tsaya ta yi wa shukar da ke cikin tukunya magana. Ta ƙara matsawa, ta tsaya ta gyara mayafi. A haka har ƙarƙashin kyamara, hannunta a kan sakata. Wayar tana hannun maiɗakina, tsit.

Ya ce, "To ga matsalar. Hanyarta jikin bango, nan ne kuka cire saboda shanya. Tafiyarta a hankali, ku kuma kun rage wa kyamarar ji saboda kyanwa. Sannan kai tsaye take nufo ta, irin wannan kyamarar ta fi kama wanda ya gifta ta gefe. Wanda ya kafa ta ɓarawo ya yi wa shiri, ba tsohuwa ba."

Sai a lokacin ya kwance tsani. Ya mayar da kyamarar bangon gefe, ya sauko da ita ƙasa kaɗan, yadda dole Inna ta gifta gabanta. Ya karɓi waya ya zana iyaka da yatsa, 'yar siririya, daga ƙarshen bango zuwa ƙofa, igiyar shanya a waje. Ya ƙara ƙarfin ji. Ya gano wayar ma tana kashe sanarwa da kanta don kada caji ya ƙare, ya hana ta. Ya sa wa ƙarar wani sauti daban, mara daɗi, wanda ba za ka ɗauka saƙon gaisuwa ba ne.

Na ce shi ke nan. Ya ce da saura, ba a gwada ba.

Abin da na gani daga nan ba zan manta ba. Dattijo da furfurarsa ya je bakin ɗakin Inna, ya ranƙwafa, ya dafa bango, ya fara tafiyarta. Taku kaɗan, tsayawa. Har shukar nan sai da ya gaisar. Waya ba ta yi ƙara ba. Ya koma ya hau, ya ɗan karkata kyamarar, ya sauko da gwiwar nan tasa yana cije leɓe, ya sake. Yana cikin yi Inna ta ɗago ta gan shi.

Ta ce, "Kai, bawan Allah, me ya same ka a ƙugu?"

Ya ce, "Tsufa ne, Inna."

Ta ce, "Tsufa? Yaro da kai? Lalaci dai. 'Ya'yanka suna ina suka bar ka kana bin bango?"

Ta tashi ta kama hannunsa, wai za ta taimaka masa. Suka tafi tare a hankali, tana yi masa faɗa, yana cewa to. Suna isa ƙarshen bango wayar ta fashe da ƙara. Maiɗakina tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

Kafin ya tafi ya gaya mana abin da ba mu so ji ba: "Kyamara ba ta riƙe hannu, kira kawai take yi. Ranar da kuka fara jin ƙara kuna cewa bari in gama, kada ku zage ta."

Yaya ya zo ƙarshen mako da ma'aunin ƙofa a aljihu. Muna zaune rana ta yi sanyi, Inna ta dafa bango. Waya ta kira. Maiɗakina ta fito daga kicin hannu da kumfa.

"Inna, ina zuwa ba ni?"

"Gidanmu."

"To jira ni mu je tare."

Suka je har kwanar layi, aka gaggaisa, suka dawo, Inna ta manta da zancen gida. Da Yaya zai tafi ya ce, "Bar ƙarfen nan, ka yi wa wani taga da shi."

Mai Tsani, ba zan ce ba ka da aibi ba. Alkawarinka na safe azahar yake cika, kuma in ka fara labari sai shayi ya huce. Amma kai ne ka dawo bayan watanni ba wanda ya kira ka, don ka san rana ta sauya hanya, inuwar ƙofa za ta fara faɗawa cikin iyakar da ka zana. Kai ne kake tambaya wa ake tsaro kafin ka tambayi wace iri ce kyamarar. Mai haƙurin zama, mai ido kafin hannu.

Ku samarin da kuka gaji sana'ar nan, na gan ku, kuna da sauri, kun fi shi sanin waya. Ku je ku zauna da shi tun yana da bakin magana. Kafin ku huda bangon mutane, ku nemi kujera ku ga yadda mutanen gidan suke tafiya.

Inna tana nan, ɗakinta a buɗe, tana shan hantsinta a tsakar gida, tana fita bakin ƙofa da rakiya. Ba ta san abin da ka yi mata ba. Ni ɗin ma wani lokacin sai ta tambaye ni ɗan wane ne. Don haka godiyar da ya kamata ta yi maka da bakinta, ni nake yi a madadinta. Allah ya hutar da gajiyarka, ya sauƙaƙa maka gwiwar nan, ya ba ka masu jiran takunka ranar da naka ya yi nauyi.