Gudan Jinin Da Na Gani A Bakin Ƙaho

Lokacin da abin nan ya faru ni matashin magidanci ne a Adabka, ina sayen wake da dawa a ƙauyuka ina kai wa kasuwar Gummi. Na gama sakandare, ina da babbar waya, saboda haka a gidanmu duk abin da na ce na gani a waya to magana ta ƙare. Ina jin kaina sosai a wancan lokacin, ina ganin na fi ƙarfin a yaudare ni. Na rubuto muku ne don abin ya ƙi barin ƙirjina, kuma a garinmu babu wanda zai saurare ni bai ce ina jayayya da ƙaddara ba.

Matata ta yi haihuwarta ta uku lafiya lau. Bayan suna sai ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga idon sawu har cinya, ga zafi kamar an ɗora garwashi. Inna, mahaifiyata, ta ce sanyin jego ne. Da abin ya ƙi, na ɗauke ta muka tafi asibitin birni, aka yi mata hoto. Likita ya zaunar da ni ya ce jini ne ya daskare a wata jijiya can ciki, kuma ba ƙafar ce abin tsoro ba, abin tsoron shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Aka yi mata allurai, aka ba ta ƙwayoyin tsinka jini da za ta sha na watanni. Ya ce ta riƙa tattaki a tsakar gida, ta yawaita shan ruwa, kuma kada a ƙara mata komai, ko na gargajiya ne, sai an tambaye shi. Na gyaɗa kai kamar na ji.

Da muka dawo gida Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin mai jego tana zirga-zirga kamar kaza ba. Mai jego wankan ganye ne nata, da kunun kanwa, da kwanciya a gadon wuta. Ƙwaya kullum kuwa, in ji ta, ɓata nono za ta yi. Maimakon in tsaya a kan maganar likita, sai na nemi faranta wa kowa. Akwai wani mutum da muryarsa ke yawo a waya, yana rantsuwa cewa tafarnuwa da citta da gangamau da zuma suna narkar da daskararren jini fiye da maganin bature. Na sayo su jibgi guda, ana dama mata safe da yamma, ni kuwa ina ta yi wa mutane bayani a majalisa kamar wani likita.

Sai ga wanzamin gidanmu ya zo duba jaririya. Dattijo ne, shi ya yi mini askin suna, shi ya yi wa 'ya'yana. Inna ta nuna masa ƙafar, ya yi dariya ya ce in dai mataccen jini ne ai aikinsa ne tun kaka da kakanni. Ya tsaga, ya kafa ƙaho, ya tsotsa. Jini ya yi ta zuba da kyar aka tsayar da shi, muka ce mugun jini ne ke fita. Da ya cire ƙahon ya juye a kan kasko, sai ga guda baƙi ƙirin kamar hanta. Ya dube ni ya ce, “Ga abinku nan ya hito. Mi yas saura kuma?” Inna ta yi hamdala, ni ma na yi. A ranar na kwashe ƙwayoyin na jefa a aljihun tsohuwar rigata.

Da yamma matata ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji, ta ce, “Malam, ni dai a bar ni in ida shan maganin likita. Ƙahwag ga ba ta daina zahi ba.” Na ce mata gani ya kori ji, likita hoto ya nuna mana, wanzami kuwa ainihin ciwon ya ajiye a gabanmu. Ta koma ta kwanta, don ba mai musu ba ce.

Ba ta kai arba'in ba. Wata safiya ta taso daga wanka ta dafe ƙirji, numfashi ya gagara, tari na zuwa da jini. Aka daɗe kafin a samu mota, ga kuma halin hanyarmu, ta cika a kan hanya, kanta a cinyar Inna.

Ban gane abin da na yi ba sai ranar babbar salla. Na yanka ragon layya, jinin ya taru a rami, na juya in wasa wuƙa, da na waiwayo sai ga shi ya zama guda baƙi, irin wancan sak. Lafiyayyen rago. Ashe kowane jini in ya fito ya sha iska haka yake yi. Ƙanena ne ya ƙarasa fiɗar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu wanda ya ga laifin kansa. Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, amma Allah bai ce mu zubar da magani ba. Wanzami ya zo ta'aziyya ya ci tuwo, har yau yana kafa ƙahonsa. Mai muryar waya na nan yana rantse-rantsensa. Ni kuwa ba ni da bakin zagin kowa, tunda ni kaɗai likita ya yi wa bayani.

Ku da kuke karanta wannan, ban ce tafarnuwa da citta guba ba ne, abinci ne, ku ci. Amma wanda aka ce jininsa ya daskare, kada ku musanya masa magani da kayan miya, kada ku bari a tsaga shi, kada kuma kunyar manya ta rufe muku baki. In mara lafiya ya ce har yanzu yana jin ciwo, ku yarda da shi, shi ke cikin jikin. Tawa ta gaya mini sau ɗaya, a hankali, kuma ni na hana ta.