Albasar Kaka

Shekarar da jami'an shige da fice suka tafi da Baba, mu uku muka rage a gidanmu na unguwar Parkchester, can ƙasar waje: ni, ƙanena Sadiku, da Kaka. Mama tana Damagaram, biza ta ƙi samuwa. Da sanyi ya kankama, a gaban murhun gas muke zama bayan isha'i, Kaka tana kiransa wutar hira.

Buhun shinkafa ya daɗe da ƙarewa. Amma kowace magariba sai Kaka ta soya albasa a ɗan mai, ƙamshi ya cika bene, don kada maƙwabta su gane. Mu kuwa sai ruwan shayi da guntun burodi. Sadiku har ya daina kukan yunwa, kuma wannan shirun ne ya fi ba ni tsoro.

Rannan Kaka ta ce, "Ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku."

Wai wata mata ce rumbunta ya ƙare a shekarar fari. Don kunya, kullum sai ta zuba yashi a turmi ta yi ta daka. Maƙwabciyarta ta ɗauko ƙwaryar gero za ta kai mata, ta jiyo lugude, ta ce, "Ashe suna da shi," ta juya. Haka nan har 'ya'yan matar...

Nan Kaka ta katse tatsuniyar.

Na ce, "Har suka yi me, Kaka?"

Ta daɗe tana kallon Sadiku a cinyarta. Ta ce, "Miƙo mini mayafina."

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata dattijuwa ce 'yar Bangladesh, muna ce mata Khala. Kaka ba ta jin Turanci, ni ce tafinta. Ta buga ƙofar, Khala ta buɗe, Kaka ta ce mini, "Gaya mata ba mu da abinci."

Khala ta shiga, ta fito rungume da tulu cike da ɗanyar shinkafa. A ƙasarsu, in ji ta, shinkafa rai ce; mace ba ta ɗora tukunya sai ta ware tafi guda don mabukaci.

"Tun da aka tafi da babanku nake tarawa dominku. Na sha zuwa ƙofarku, in ji ƙamshin girki, in ji nauyin ƙwanƙwasawa."

Na fassara. Kaka ta rufe fuska ta fashe da kuka.

Na girma ina jin haushinta kan albasar nan. Sai da na kama kaina ina ce wa mutane "lafiya lau" a ranar da duniya ta yi mini zafi, sannan na san abin da ta haɗiye kafin ta buga ƙofar. Har ta rasu ba ta ƙarasa tatsuniyar ba, ni ma ban sake tambaya ba. Sadiku yanzu ya fi ni tsawo.